Kumfar Kashe Gobara da Ruwan Maƙwabtan Bariki

A shekarar 2018 jami'an rundunar sojan saman Amurka suka sanar da wani mai gonar kiwon shanu kusa da garin Clovis, a jihar New Mexico, cewa rijiyoyin da shanunsa ke sha sun gurɓata. Gonarsa tana maƙwabtaka da sansanin jiragen yaƙi na Cannon, kuma abin da ya shiga ruwan wani sinadari ne da ke cikin kumfar da 'yan kwana-kwanan sansanin suka yi shekara da shekaru suna fesawa. Daga nan madararsa ta daina shiga kasuwa, sai ya riƙa tatsa yana zubarwa, kimanin galan 15,000 a kullum, tun da saniya mai nono ba a barinta babu tatsa. Naman ma ba ya sayuwa. Haka ya ci gaba da ciyar da garken da ba zai ci moriyarsa ba har zuwa 2022, lokacin da aka ƙarasa kashe shanun, waɗanda yawansu ya haura 3,600. Mutumin nan ɗan ƙasa ne, da harajinsa ake tafiyar da sansanin, kuma an ce don tsaronsa aka gina shi.

Ra'ayina a kan wannan al'amari shi ne, rundunar da ta zubar da guba a ƙasa ba ta da hurumin zama ita ce mai bincike, ita ce mai auna ɓarnar, ita ce kuma mai yanke ranar da za ta gyara. Dole ne ta buɗe ƙofar barikinta ga masu gwaji da ba su ƙarƙashin ikonta, ta biya kuɗin tsabtace ruwan, ta kuma ɗauki nauyin duba lafiyar waɗanda suka sha, ba tare da an jira sai kowannensu ya kwanta ciwo ya kawo hujjar cewa daga ruwan ne ba. Hujjar tsaron ƙasa tana da muhallinta, amma ba ta kai ga ɓoye wa mutum abin da ke cikin randarsa ba.

Adalci ne a fara da faɗin dalilin da ya sa aka ƙirƙiro kumfar, domin ba da mugun nufi aka yi ta ba. Wutar man jirgin sama ba ta jin ruwa, kuma duk matar da ta taɓa watsa ruwa a kaskon mai da ya kama da wuta ta san abin da ke biyo baya: man ya tasa sama, wutar ta bazu. A ranar 29 ga Yuli, 1967, wani makamin roka ya tashi bisa kuskure a kan jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Forrestal, wanda ke ɗauke da jiragen sama a gaɓar tekun Biyetnam, mai ya malale, bama-bamai suka riƙa fashewa, sojoji 134 suka mutu. A lokacin cibiyar binciken rundunar sojan ruwan Amurka da kamfanin 3M sun riga sun haɗa wata kumfa, wadda ake kira AFFF a taƙaice, mai shimfiɗa siririn mayafi a kan man da ke ci, ta raba shi da iska, ta danne tururinsa, wutar ta mutu cikin daƙiƙoƙi. Bayan masifar Forrestal aka wajabta ta, zuwa 1969 aka rubuta ƙa'idar soja da ta tsara irin wadda za a riƙa saye, daga nan ta bazu zuwa sansanonin sojan sama, da filayen jiragen farar hula, da matatun mai, da rundunonin ƙasashen da ke ƙawance da Amurka. Ta ceci rayuka, kuma duk wanda ya taɓa ganin gobarar tankar mai a kan hanya ba zai raina abin da ke kashe irin wannan wuta da sauri ba.

Sai dai abin da ya ba kumfar ƙarfi shi ne kuma aibinta. Sinadaran da ke cikinta suna cikin wani babban dangi da ake kira PFAS, wanda ya ƙunshi dubban nau'o'i, waɗanda suka fi shahara su ne PFOS da PFOA da PFHxS. An gina su ne a kan haɗin kabon da fulorin, ɗaya daga cikin haɗe-haɗe mafiya ƙarfi da masana sinadarai suka sani, shi ya sa zafin wuta ba ya wargaza su, haka ma rana da ruwan sama da ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da shara. Idan suka sauka a ƙasa sai su bi ruwa su gangara zuwa inda rijiyoyi ke ɗiba, su yi ta tafiya a ɓoye tsawon kilomitoci. Ba su da launi, ba su da wari, ba su sauya ɗanɗanon ruwa, kuma tafasawa ba ta kawar da su, haka ma alif da kulorin. Idan suka shiga jikin mutum sai su manne wa jini, a ɗauki shekaru kafin rabin abin da ya shiga ya fita, kuma uwa tana miƙa wa ɗanta tun yana ciki, ta ƙara masa ta hanyar nono. Wani babban bincike da aka yi a kan mutane kusan 69,000 da ke kusa da masana'antar DuPont a jihar West Virginia, wanda aka kammala a 2012, ya gano cewa da alama akwai alaƙa tsakanin PFOA da cututtuka shida, ciki har da sankarar ƙoda, da sankarar maraina, da hawan jinin masu juna biyu, da yawan kitse a jini. Wasu binciken sun nuna cewa allurar rigakafi ba ta kama jikin yaran da ke da sinadarin da yawa yadda ya kamata. A ƙarshen 2023 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya PFOA a sahun abubuwan da ke haddasa sankara ga ɗan Adam, ta sanya PFOS a sahun waɗanda ake zargi.

Da a ce a kan gobarar gaske kaɗai aka fesa kumfar, da ɓarnar ba ta kai haka ba, da kuma hujjar masu cewa lalura ce ta fi ƙarfi. To amma haɗarin jirgi ba kullum yake faruwa ba, atisaye ne ake yi a kai a kai. A sansanoni da yawa rami ake haƙawa a gefen filin jirgi, ba a daɓe shi da komai ba, a zuba man jirgi, a cinna wuta, a kashe da kumfa, a bar ta ta tsotse a ƙasa ko a wanke ta zuwa magudana, a maimaita, shekara talatin ko arba'in ana haka a wuri guda. Ga gwajin motocin kashe gobara, ga kuma na'urorin da ke rufin ɗakunan ajiye jirage, waɗanda kan buɗe da kansu bisa kuskure su cika ɗaki da kumfa har ta fi tsayin mutum. Ko a watan Agustan 2024, a tsohon sansanin sojan ruwa na Brunswick da ke jihar Maine, wanda aka rufe tun 2011, irin wannan na'ura ta saki galan 1,450 na tsantsar kumfar haɗe da ruwa galan 50,000. Babu ran da aka ceta da wannan. Sakaci ne, kuma a nan ne nake ganin alhakin ya fara.

Wani zai ce ai a da ba a sani ba. Wannan gaskiya ne a shekarun 1960, amma bai daɗe yana zama gaskiya ba. Takardun cikin gida na 3M da suka fito fili a shari'ar da jihar Minnesota ta yi da kamfanin, wadda aka sasanta a 2018 a kan dala miliyan 850, sun nuna cewa tun a shekarun 1970 kamfanin ya san sinadarin yana taruwa a jinin ma'aikatansa, kuma birai sun mutu a gwajin da aka yi musu da shi. A watan Mayun 2000 kamfanin ya sanar da cewa zai daina yin PFOS. Kamfanin da ke cin riba da kaya ba ya barinsu haka kawai, kuma duk mai saye da ke da hankali zai tambayi dalili. Amma ma'aikatar tsaron Amurka ta ci gaba da amfani da abin da ke rumbunanta, ba ta hana fesa shi a ƙasa wajen atisaye ba sai a 2016. Shekara goma sha shida ke nan, wato yaron da aka haifa a gefen bariki a shekarar da kamfanin ya janye, ya girma yana shan ruwan har ya kusa gama sakandare. Da aka tashi canji kuma, sai aka koma ga wata kumfar da ita ma PFAS ce, mai gajeren zubi, wadda ke saurin fita daga jiki amma ta fi wuyar tacewa daga ruwa.

Yau ma'aikatar tsaron Amurka da kanta ta lissafa wurare fiye da 700 da ake binciken ko sinadarin ya zuba a cikinsu. A Pease, jihar New Hampshire, an rufe sansanin sojan sama a 1991 aka mayar da shi unguwar kamfanoni da ofisoshi har da gidajen rainon yara, sai a 2014 aka auna wata rijiya da ke ba wurin ruwa aka tarar da PFOS nanogiram 2,500 a kowace lita. Don a fahimci girman wannan adadi, nanogiram kashi ɗaya ne cikin biliyan na giram, kuma iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta ba da shawara a 2016 nanogiram 70 ce, a Afrilun 2024 kuma ta mayar da ita doka ta sauke ta zuwa 4. A Oscoda, jihar Michigan, inda sansanin Wurtsmith ya rufe a 1993, hukumomi sun gargaɗi jama'a a 2012 da kada su ci kifin wata fadama da ke kusa, a 2018 suka ƙara da naman barewar da aka farauto a yankin. Sojojin sun tattara sun tafi fiye da shekaru talatin da suka wuce, mutanen garin ne ke zaune da abin da aka bari.

Abin da ya fi damuna shi ne halin da hukumomi suka nuna bayan an gano. A 2018 jaridun Amurka suka bankaɗo wasiƙun da ke nuna cewa jami'an fadar shugaban ƙasa da na hukumar muhalli sun yi ƙoƙarin jinkirta wani rahoton lafiya na gwamnati, wanda ya ce sinadaran suna cutarwa a ƙasa da adadin da ake zato, saboda tsoron abin da jama'a za su ce. A New Mexico, da jihar ta nemi ɗaure sansanin Cannon da sharuɗɗan shara mai guba, sai rundunar sojan sama ta kai jihar kotu a 2019, jihar ita ma ta shigar da tata ƙarar. Sojojin da suka yi aiki da kumfar da hannunsu, waɗanda wasunsu aka gaya musu ba ta fi sabulu illa ba, hanyar kotu a toshe take gare su, domin wani hukuncin kotun ƙolin Amurka na 1950 ya hana soja ƙarar gwamnati kan cutar da ta same shi a bakin aiki, alhali wani binciken cibiyar sankara ta ƙasar da aka buga a 2023 ya gano alaƙa tsakanin yawan PFOS a jinin sojojin sama da sankarar maraina. Manyan kuɗin da aka ji an biya daga kamfanoni suka fito: a 2023 kamfanin 3M ya amince zai biya hukumomin ruwan sha aƙalla dala biliyan 10.3 cikin shekara goma sha uku, DuPont da kamfanonin da suka ɓalle daga gare shi kuma kusan dala biliyan 1.2. Sun cancanci biya, babu shakka. Amma wanda ya sayar daban, wanda ya haƙa rami ya zuba daban, kuma na biyun har yanzu shi ke tsara wa kansa jadawali. Hukumar muhallin ma a Mayun 2025 ta ce za ta ɗaga wa'adin cika sabuwar dokar daga 2029 zuwa 2031.

Idan haka abin yake ga 'yan ƙasa masu ƙuri'a da lauyoyi da 'yan majalisa, sai a duba yadda yake inda barikin na baƙi ne. Tsibirin Okinawa bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasar Japan ba, amma yana ɗauke da kusan kashi 70 cikin ɗari na filayen da aka keɓe wa sojan Amurka kaɗai a ƙasar. A Janairun 2016 hukumar ruwan lardin ta sanar da cewa ta samu PFOS mai yawa a koguna da rijiyoyin da ke kewaye da sansanin Kadena, waɗanda ke ciyar da matatar ruwa ta Chatan, wadda mutane kusan 450,000 ke sha daga gare ta. Abin da hankali zai ce a yi a bayyane yake, wato a shiga sansanin a ɗebi ƙasa da ruwa a auna, a san ko daga nan ne. Lardin ya nemi izini, ya sake nema, shekaru suka shuɗe ba a buɗe masa ƙofa ba. Yarjejeniyar zaman sojojin Amurka a Japan ta 1960 ta ba Amurka ikon tafiyar da sansanoninta, ta kuma ce ba wajibi ba ne ta mayar da fili yadda ta same shi idan za ta tashi. An yi ƙarin yarjejeniya kan muhalli a 2015, amma ta fi shafar haɗarin da ya faru yanzu aka kuma ba da sanarwarsa, ba gubar da ta taru tun shekarun baya ba.

Sakamakon wannan tsari abin takaici ne. Ana cewa ba a tabbatar da tushen gurɓatar ba, alhali mai cewa hakan shi ne ya hana a shiga a tabbatar. A Afrilun 2020 kumfa fiye da lita 200,000 ta ɓalle daga wani ɗakin jirage a sansanin Futenma, fiye da rabinta ta fita waje, ta bi kogi, iska ta riƙa kwasarta tana yawo da ita a unguwannin birnin Ginowan, kuma binciken sojan ya nuna cewa gashin nama da wasu sojoji suka yi kusa da ɗakin ne ya tayar da na'urar. A wannan karon an bar jami'an Japan sun shiga, tun da abin ya faru a idon duniya. A Agustan 2021 kuma rundunar ta zuba kimanin lita 64,000 na ruwan da ta ce ta tace a magudanar birnin, ana tsakiyar tattaunawa da gwamnatin Japan kan yadda za a yi da shi. Kuɗin gawayin da ake tace ruwan Chatan da shi daga aljihun Japanawa yake fita. Japan ƙasa ce mai arziki da masana da ɗakunan gwaji, kuma babbar ƙawar Amurka ce, duk da haka a bakin ƙofa ta tsaya.

Akwai hujjar da masu kare rundunonin ke kawowa wadda bai kamata a yi watsi da ita ba. Suna cewa sinadaran nan suna ko'ina, a kaskon da abinci ba ya kamawa, da takardar naɗe abinci, da rigar ruwa, har gwajin hukumar lafiyar Amurka ya same su a jinin kusan kowa, don haka ba za a iya nuna mutum guda a ce sankararsa daga bariki ta zo ba. Kuma a Ostireliya, inda garuruwan Williamtown da Oakey da Katherine suka gurɓata daga sansanonin sojan ƙasar, binciken da jami'ar ƙasa da ke Kanbera ta fitar a 2021 ya samu yawan sinadarin a jinin mazauna, da ƙarin kitse a jini, da damuwa mai tsanani, amma bai samu hujja mai ƙarfi ta yawaitar sauran cututtuka ba. Na yarda ilimin bai kammala ba, kuma ba duk wanda ya sha ne zai yi ciwo ba. Sai dai ƙananan garuruwa ba su da yawan mutanen da za a iya hango cuta mai wuyar aukuwa a cikinsu, sankara kuma takan yi shekaru kafin ta bayyana. Tambayar ita ce wa zai ɗauki nauyin wannan rashin tabbas, wanda ya zuba ko wanda ya sha. Gwamnatin Ostireliya ta biya waɗannan garuruwa uku dalar ƙasar miliyan 212.5 a 2020, ta ƙara miliyan 132.7 ga wasu wurare bakwai a 2023, amma diyyar faɗuwar darajar gidaje da gonaki ce. An biya kuɗin fili, an bar maganar jiki a buɗe.

Shi ya sa nake ganin hukuncin da ya fito daga Suwidin ya fi kowanne kusa da gaskiya. A Disambar 2013 aka gano cewa matatar da ke ba kusan kashi ɗaya cikin uku na gidajen gundumar Ronneby ruwa ta gurɓata daga filin atisayen kashe gobara na wani sansanin sojan saman ƙasar da ke Kallinge, kuma gwajin jini ya nuna wasu mazauna suna ɗauke da sinadarin ninki ɗari ko fiye na abin da ke jikin sauran 'yan ƙasa. Mutane fiye da 150 suka shigar da ƙara, suka yi nasara a kotun farko a 2021, kotun ɗaukaka ƙara ta soke a 2022 bisa hujjar cewa ba su nuna ciwo ba, sai kotun ƙoli a Disambar 2023 ta ce kasancewar gubar da yawa haka a jinin mutum ita kanta rauni ce. Wannan shi ne daidai. Mutumin da aka cusa wa abin da zai zauna a jikinsa shekaru, wanda zai sa matarsa ta yi ta tunanin ko ta shayar da jaririnta ko kada ta shayar, an riga an cuce shi ko da likita bai rubuta masa sunan cuta ba. Abin lura dai shi ne, kamfanin ruwan gundumar aka gurfanar, a matsayin wanda ya sayar da gurɓataccen kaya, ba rundunar da ta fesa kumfar ba. Ko a can ɗin, doka ta fi samun sauƙin kama mai famfo.

Hujjar cewa babu madadi kuwa ta daɗe da raunana. Filin jirgin saman Kopanhegan ya koma ga kumfar da ba ta da fulorin tun 2008, manyan filayen farar hula na Ostireliya suka bi a 2010, Heathrow na Landan ma ya bi sahu ba da jimawa ba. Gaskiya ne sabuwar kumfar tana buƙatar wata dabara ta fesawa da ƙarin horo, kuma a kan jirgin ruwa a tsakiyar teku, inda babu wurin gudu, ina fahimtar masu taka-tsantsan. Amma a doron ƙasa jinkirin ba shi da dalili. Majalisar dokokin Amurka ce ta tilasta wa ma'aikatar tsaro, a dokar kasafin tsaro ta 2020, ta daina amfani da tsohuwar kumfar kafin Oktoban 2024, aka fitar da ƙa'idar sabuwar a Janairun 2023, sannan ma'aikatar ta nemi ƙarin lokaci. Ragowar tsohuwar kumfar ma matsala ce mai zaman kanta. Tsakanin 2018 da 2019 an ƙona ta da yawa a wata masana'anta a garin Cohoes na jihar New York, dab da rukunin gidajen talakawa, ba tare da mazauna sun sani ba, har sai da abin ya fito garin ya hana.

Wannan batu na ragowar kaya shi ne ya sa nake ganin maganar ta shafe mu. Idan ƙasashe masu arziki suka haramta abu, ba ya ɓacewa, kasuwa yake nema inda doka ba ta da ƙarfi, wani lokaci ma da sunan gudummawa. Nijeriya ta ga irin wannan a 1988, lokacin da aka jibge dubban tan na shara mai guba daga Italiya a garin Koko, abin da ya sa aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya a wannan shekarar. Yarjejeniyar Stockholm kan sinadarai masu daɗewa, wadda Nijeriya ta amince da ita a 2004, ta sanya PFOS a jerin sinadaran da ta hana ko ta taƙaita amfani da su a 2009, PFOA a 2019, PFHxS a 2022, kuma ta hana amfani da kumfa mai PFOA wajen atisaye, ta hana fitar da ita zuwa wata ƙasa sai don a lalata ta. Amurka ta sa hannu a 2001 amma majalisarta ba ta amince ba har yau. Ya kamata duk jami'in da ke sayen kumfa ko karɓar kyautarta, ko na soja ne ko na filin jirgi ko na defon mai, ya nemi takardar da ke nuna abin da ke cikin duron kafin ya sa hannu. Sansanonin sojan sama na Kaduna da Kano da Maiduguri, waɗanda a da suke bayan gari, yanzu unguwanni sun kewaye su, kuma a unguwannin nan rijiya da burtsatse ake sha, daga nan ne ma masu ruwan leda ke ɗiba.

A Nijar kuma Amurka ta gina sansanin jirage marasa matuƙa a gefen Agadas a kan kuɗi fiye da dala miliyan 100, ta miƙa shi a Agustan 2024 bayan ta bar na Yamai a Yuli, sojojin Faransa sun fita tun Disambar 2023, a Chadi kuma sun miƙa sansaninsu na ƙarshe a Njamena a ƙarshen Janairun 2025. An yi ta muhawara kan 'yancin kai da tsaro da wanda zai maye gurbi, kuma muhawara ce mai muhimmanci. Ba na cewa ruwan Agadas ko na Yamai ya gurɓata. Abin da nake cewa shi ne, duk inda aka ajiye jirage da mansu akwai 'yan kwana-kwana da kumfarsu, kuma har zuwa 2023 babu kumfar da ke da amincewar sojan Amurka sai mai wannan sinadari, wanda ya isa dalilin gwaji, musamman a garin da ruwansa daga ƙarƙashin ƙasa yake fitowa kuma ba shi da kogin da zai koma wa. Yanzu makullan suna hannun rundunonin gida, saboda haka matsalar da ta tsayar da mutanen Okinawa a bakin ƙofa ba ta nan, sai fa idan sojojinmu ne suka zaɓi su rufe. Masanan jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, ko na Bayero da Ahmadu Bello a tasu ƙasar, za su iya ɗibar ruwa daga rijiyoyin da ke gangaren filayen atisaye a aika ɗakin gwajin da ke da na'urar, a haɗa da lissafin duron kumfar da aka tarar a rumbu da shekarun da aka yi su. Idan sakamako ya fito, kada ya tsaya a ofishin kwamanda, a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Tamashek, a faɗi sunan kowace rijiya da adadin da aka samu a cikinta.